Gwangwani Uku na Gero

Ku sababbin shiga, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Jiya na ji ɗayarku tana cewa ɗinkin rigar mama ai ba wani aiki ba ne, tef ne kawai a zagaya ƙirji a karanta lamba. Na yi shiru ne don bakina cike yake da awara. Yau babu komai a bakina.

Sunana Saude. Shekarata goma sha bakwai, amma a ɗakin nan ni tsohuwa ce. Ina 'yar sha biyu babana ya kawo ni wurin yayarsa, Gwaggo Lami, a nan Kazaure, ya ce ta koya mini ɗinki ko Allah zai sa bakina ya huta. Bakin bai huta ba. Gwaggo ta ce da ana ɗinki da surutu, da tuni na ɗinka wa duwatsun garin nan riguna ɗai-ɗai, har da huluna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ga keke na ƙafa wanda ya girmi babana, in yana tafiya sai ki ce faɗa ake yi a cikinsa. Ga tef biyu, ɗaya ya miƙe don tsufa har ya fara yi wa mata ƙarya, aka yi masa ritaya, shi ne yake ɗaure da labulen can. Ga alli, ga roba, ga ƙugiyoyin baya. Ga almakashin Gwaggo, wanda na taɓa yanke farce da shi, har yau kunnena na hagu ya fi na dama tsawo. Sai gwangwanin madara guda da ƙaramin kasko. Na ga kuna kallon kaskon kuna tsammanin na gyaɗa ne. Za mu zo kansa.

A faɗar baki, awo biyu ne: ƙarƙashin mama, sai kan tudun. Amma mace ba ta tsaya wa tef da gaskiya. Tana ganinsa za ta ja numfashi ta riƙe, ta shanye ciki, ta ɗage kafaɗa kamar soja. In kika auna ta a haka, wata matar kika ɗinka wa riga, ba ita ba. Sai kin ja ta da hira. Ki tambaye ta nawa ta sayo tumatir, ko yaya ta ƙare da mai gyaran waya. Tana buɗe baki don ta yi tsaki, numfashin ya fita, ki karanta tef. Nan ne kaɗai bakina ya yi rana a duniya. Mai jego a bar mata wurin yatsa biyu, don abin da take ɗauke da shi da safe ba shi ne na yamma ba. Akwai wata hajiya da ta rantse lambarta ba ta canja ba tun tana amarya. Muka ɗinka mata yadda ta ce. Da ta saka, sai da muka taru mu biyu muka ceto ta da almakashi.

Waɗannan su ne masu ban dariya. Akwai wasu.

Su da rana tsaka suke zuwa, lokacin da layi ya yi tsit. Hijabi har ƙasa, hannu ɗaya dafe da ƙirji kamar mai ɓoye jariri. Daga Babura, daga Gwiwa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. An yi musu aiki a asibiti a Kano, an cire mama ɗaya saboda ciwon daji. Likita ya yi nasa, ya ceci rai. Amma ba shi zai shiga gidan suna da ita ba, ba shi zai tsaya a sahun mata a masallacin Idi ba. In irin wannan ta yi sallama, Gwaggo tana sallamar kowa, a ja labule, a sa sakata.

Abin da muke yi musu 'yar jaka muke ce masa. Ana ɗinka ta da yadi mai laushi, a yi mata siffa, a yi wa rigar mama aljihu ta ciki inda za ta zauna. Akwai na roba da ake sayarwa a birni, kuɗin ɗaya ya sayi tunkiya, kuma da bazara kamar an ɗora miki dutsen guga. Gwaggo ta gwada soso, ba shi da nauyi, mace na tafiya yana hawa har ya kusa gaisawa da haɓarta. Ta gwada auduga, ta dunƙule. Gero ne ya zauna. Yana da nauyi, yana motsi in jiki ya motsa, yana ɗaukar ɗumin mai shi. Amma sai an soya shi a kaskon nan sama-sama, in ba haka ba gumi ya jiƙa shi ya tsira, ko ƙwari su yi gida a ciki. Kowace mace da geronta take zuwa, na gonar gidansu. Haka Gwaggo ta tsara, ta ce jiki ya fi yarda da abin da ya saba ci.

Nauyin kuwa ba tef ne yake faɗa ba. Hannu ne. Ki tallafi maman da ya rage da tafin hannu ɗaya, ki riƙe jakar a ɗayan, ana zuba gero kaɗan-kaɗan har hannayenki biyu su daina musu. Ciwon suga ya kashe wa Gwaggo yatsu, ta daina jin bambanci, shi ya sa tun ina sha huɗu aikin ya dawo kaina. Dokokinta biyu ne. Ki murza hannuwanki su yi ɗumi kafin ki taɓa mutum. Kuma in ta buɗe kika ga tabon, ki kalle shi yadda kike kallon bango. Ta ce, “Fuskarki ce madubinta na farko. In kika yamutsa ta, ba za ta ƙara buɗewa gaban kowa ba.” Bayan an ɗinke, sai gwaji. Ta sunkuya kamar mai ruku'u, ta yi ƙasa kamar mai sujada, ta ɗaga taɓarya ta sauke. In jakar ta goce ko ta leƙo, a warware a sake.

Inna Ladidi mai ƙosai ta zo mana daga wani ƙauye gaba da Roni. Ta sa ɗan acaɓa ya sauke ta tun a bakin titi, ta ƙaraso a ƙafa, da ƙullin gero a gefen zani. Gajeruwa ce, baƙa, hannayenta duk tabon mai. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da kasko ɗaya.

Ta ce, “Hajiya, ke ce mai gyaran masu ɓari ɗaya?”

Gwaggo ta ce, “Ni mai ɗinki ce. Gyara na Allah ne. Zauna.”

Na durƙusa na gaishe ta. Ta kalle ni sama da ƙasa. “Wannan 'yar fa? Tun kafin ta yi magana na ga bakinta yana motsi.”

“Bakinta na kasuwa ne, amma abin da ta gani a ɗakin nan ba ya fita. Ranar da ya fita ni zan cire mata harshe, ba sai an je Kano ba.”

Sai da ta ji haka ta cire hijabi. Tsumma ta cusa a wurin, ya karkace ya koma kusa da hammata. Ta ba mu labari tana kwance ɗaurin. A garinsu an taɓa yin wata mai waina da aka san ciwon ya kama ta. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Mutane dai suka daina saye. Suka ce ana ɗauka a abinci. Ta yi ta fitowa tana komawa da waina har ta sayar da tanda.

Gwaggo ta ce, “Ai ba a ɗauka.”

“Na sani, kin sani, likita ya sani. Masu sayen ƙosai ba su sani ba, kuma su ne suke ciyar da 'ya'yana.”

Da za ta tafi aikin, ce musu ta yi ta tafi Kano zaman jegon yayarta. Ba wanda ya san gaskiya sai yayar da babbar 'yarta, Hindatu. A tsallaken hanya kuma, daidai inda take suya, akwai wata Tasalla mai koko. Inna Ladidi ta ce idon matar nan yana iya ƙirga ƙwayar wake a cikin buhu ba a kwance ba.

Gwangwani uku cif hannuna ya ba ni. Amma gwajinta ya bambanta da na kowa. Ita ba tsayuwa take yi ba, a 'yar kujera take wuni, a sunkuye kan wuta, hannun dama yana bugun ƙullu. Muka kawo mata kujerar tsakar gida da kaskonmu da ludayi, ta zauna tana suyar iska. “Na nawa za a ba ka, Malam? Yaji fa?” Ni ce Malam ɗin, na yi ta neman gyara har ta ɗaga ludayin za ta maka mini. A nan muka ga jakar tana lilo fiye da ɗayan ɓarin in ta sunkuya. Muka zurfafa aljihun, muka faɗaɗa igiyar kafaɗa, muka ƙara shimfiɗar auduga ta baya don kada zafin wuta ya bi gero ya ƙona tabon. Da ta mayar da riga ta tsaya gaban madubi, ta juya hagu, ta juya dama, ta ce, “To, Tasalla, sai ki ƙirga.”

Bayan kowace kaka takan zo a sauya geron, da ƙosai a ƙunshe mai zafi. Mai surutu take kirana. Ban taɓa jin ta faɗi sunana ba.

Sai shekarar nan da ruwan sama ya ɗauke, gero yana tsaka da fitar da kai. Kun san ta, ba ku yi ƙanƙanta ba. Hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Amare suka rage kayan lefe, masu jego suka koma ɗaure ƙirji da zani. Keken nan ya yi shiru har gizo-gizo ya yi aure a cikinsa ya hayayyafa. Masu zuwa da rana tsaka ne kawai ba su daina ba, don ciwo bai san da tsada ba. Amma sai na lura jakunkunan da ake dawo da su sun rage nauyi. Na ce wa Gwaggo ɓeraye ne. Ta juya wata jaka ta nuna mini bakinta. Ta ce, “Wane irin ɓera ne yake warware ɗinki ya mayar da baƙin zare?”

Inna Ladidi ta shigo a wannan shekara kafaɗarta ɗaya ta yi ƙasa, ba ƙosai a hannu. Da ta miƙo mini jakar saura kaɗan ta suɓuce mini don nauyi. Rairayi ne a ciki. Ya jiƙe da gumi ya daskare kamar bulo, ya yi ta gogar tabon har ya buɗe. Tsumman da ta sa a wurin ya manne, sai da ruwan ɗumi muka ɓamɓare shi. Na kalli wurin yadda nake kallon bango.

Gwaggo ta ce, “Ladidi, ina geron?”

“Hajiya, wake ya fi ƙarfina, mai ya fi ƙarfina. Ranar ko kuɗin niƙa ban mayar ba. Auta yana ta kuka, na laluba tukunya, na laluba buhu, ba komai. Ina zaune sai na tuna ai gwangwani uku nake yawo da shi a ƙirji.” Ta gyara zama. “Na wanke shi, na sake wankewa, na niƙa a dutse. Yaran suka ce, Inna, kunun yau da ƙamshi.”

Ta yi dariya. Ita kaɗai ta yi.

Gwaggo ta ce ba za ta ɗora jaka a kan buɗaɗɗen ciwo ba, ko da za a ba ta Kazaure da abin da ke cikinta. Ta ce ta je asibiti a wanke mata ciwon, ta zauna a gida har ya kame.

“In na yi mako ban fito ba, Tasalla ta dasa 'yarta a wurina. In na fito a haka, kafin hantsi gari ya ɗauka. Zaɓa mini, Hajiya.”

Gwaggo ta sake duba ciwon. Can ta ce in ɗauko auduga. Ta naɗa ta zagaye kamar gammon ɗaukar tulu, da rami a tsakiya, yadda ciwon zai zauna a ramin ba abin da ya taɓa shi, nauyin ya koma kan igiyar kafaɗa. Gero kuma, tunda ba ta zo da nata ba, Gwaggo ta karya tsarinta ta tura ni madafi na kakkaɓo ƙasan buhunmu. Tuwon da muka ci bayan nan, in kika ɗaga shi sama kina iya hango maƙwabta.

Na soya geron, na murza hannuwana, na tallafi maman da ya rage. Gwaggo na zubawa. Gwangwani biyu da ɗan kaɗan hannuna ya ce ya isa. Yunwa ta cinye sauran. Ina shirin sauke hannu yatsana ya ci karo da wani abu can gefe, wajen hammata, mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba ya gocewa. Ban yamutsa fuska ba. Gwaggo kawai na kalla.

Inna Ladidi ta ce, “Kada ki wahalar da idonki, mai surutu. Tun kafin azumi na ji shi.”

Gwaggo ta ajiye gwangwanin. “Gobe za ki koma Kano. Ni zan raka ki.”

“In ce na tafi yin me? Yayata ta haura hamsin, Hajiya. Ba za ta sake haihuwa don ta rufa mini asiri ba.”

“Ranki fa, Ladidi?”

“Raina yana hannun Mai shi. Kaskon ne yake hannuna. Na fara zaunar da Hindatu kusa da ni, ita ke sakin ƙullu, ni ke kwashewa. Bari hannunta ya faɗa, mutane su saba karɓa daga wurinta. Sai in tafi.”

Gwaggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kawo misalin matan da suka je da wuri suna nan da ransu. Ta ce abin nan ba ya jiran hannun kowa ya faɗa. Inna Ladidi tana ta cewa to, to, tana saka riga. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta dube ni.

“Ke kuma, in sun cire wannan ɗin ma, da me za ki auna?”

Gwaggo ce ta yi magana. Ta ce, “Ki rantse mini ba za ki ƙara buɗe jakar nan ba. In ya ƙure miki, ki aiko Hindatu.” Inna Ladidi ta rantse.

Ta je Kano, amma sai bayan an yi girbi. Aka duba ta aka ce abin ya bazu, aka ba ta magungunan rage ciwo, ta dawo. Zuwanta na ƙarshe ɗan acaɓa har ƙofar gida ya kawo ta, ba ta iya tafiyar daga titi. Na rage igiyar baya har ƙugiya ta ƙarshe, na sake ragewa. Na ɗebe geron ya koma gwangwani ɗaya da rabi, na ɗinke bakin jakar da jan zare, don shi ne a allurata. Ta ce yanzu Hindatu ke suya, ita tana gefe tana karɓar kuɗi, ta ce wa mutane gyambon ciki ne ya ramar da ita. Ta nemi a kawo kujera a yi gwaji. Ta zauna, ta sunkuya, ta kasa ɗaga ludayin. Ta ce, “Ba komai, zaman ma ya yi kyau ko?” Na ce ya yi.

Damina ta fara sauka wata yarinya ta yi sallama, tsarata, gajeruwa, da sabon tabon mai a hannu. Ba sai da ta faɗi sunanta ba. Ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo, ta ce Inna ta rasu, an yi bakwai. Muka yi mata gaisuwa. Sannan Gwaggo ta tambayi abin da ni ma yake bakina.

“Wa ya yi mata wanka?”

“Yayarta. Tun da rai ta bar wasiyya kada kowa ya taɓa ta sai ita. Baba Tasalla ta zo da sabulu da turare, aka ce ta yi haƙuri.”

“Ciniki fa?”

“Alhamdu lillahi. Kafin hantsi ƙullu yake ƙarewa. Baba Tasalla ma a wurina take saya.”

Ta kwance ɗankwali ta fito da jakar, ta miƙo mini. “Ta ce a kawo wa mai surutu ta duba ɗinkin.”

Na juya bakin jakar. Jan zarena ne, tun daga farko har ƙarshe, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Geron mamaciya ba a sa wa wata. Gwaggo ta sa na warware na watsa wa tantabarun maƙwabta. Kafin Hindatu ta tafi Gwaggo ta zaunar da ita ta nuna mata yadda za ta riƙa laluba jikinta da tafin yatsu, kuma ranar da ta ji wani abu, ranar za ta zo, ba bayan girbi ba. Sannan ta ce in auna ta, a ɗinka mata tata mai faɗin igiya, ta masu zaman kasko. Na zagaya mata tef. Ta ja numfashi ta riƙe, ta ɗage kafaɗa kamar kowa. Na tsaya da tef a hannu.

Gwaggo ta ce, “Saude, yi mata surutu mana.”

Na ce, “Hindatu, wai da gaske idon Tasalla yana ƙirga wake a cikin buhu?”

Ta yi tsaki irin na uwarta sak. Na karanta tef.

To, ke mai cewa tef ne kawai, tashi ki hura gawayi ki ɗora kaskon. Akwai mai zuwa daga Gwiwa da azahar, wannan ne zuwanta na farko. Ke za ki riƙe gwangwani. Je ki gaban madubin can ki gyara fuskarki tun yanzu.